Harbin kurciya da bindiga mai baki biyu: kurakuran da aka fi yi a Jos da kewaye

Na yi shekaru ina bin kawuna daji ina riƙe masa jaka kafin in mallaki tawa bindigar. Ranar da na fara fita da ita, a bakin wani tsohon kududdufin kuza da ke bayan Bukuru, sai ya karɓe kwalin harsashina ya miƙo mini guda biyu kacal. Na ce, "Kawu, biyu kawai?" Ya ce, "Ɗana, baki nawa gare ta? In na ga abin da ka yi da biyun nan, sai in ƙara maka." Tun daga lokacin na fita da maharba iri-iri, kuma yawancin kurakuran da nake gani tushensu biyu ne: gaggawa, da rashin sanin bindigar da mutum ke riƙe da ita.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa. Mutum ya gaji bindiga a wurin mahaifinsa, ya ɗauka takardar tsoho ta wadatar. Ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta bambanta bindigar toka, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta, da irin wannan mai cin harsashi ta baya, wadda lasisinta yake hannun Sufeto Janar. Lasisi da sunan mai shi yake fita, ba a gadonsa, ba a aronsa, kuma yana da wa'adi. A 'yan shekarun nan ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sababbi, don haka wanda ba shi da takarda mai rai ya haƙura da fita. A Filato kuwa maganar ta wuce ta takarda. Garin nan ya ga abin da ya gani, ƙarar bindiga a gefen ƙauye ba ƙaramin abu ba ce a kunnen uwa mai goyo. Kafin ka harba ko sau ɗaya, je ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka nemi izinin mai gona, 'yan sintirin wurin su san fuskarka da ranar da za ka zo. A kan hanya bindiga ta kasance a karye, babu harsashi, cikin jakarta, takarda kuma a aljihu saboda shingen jami'an tsaro.

Sai abin da ya fi cin hannaye da idanu, wato sa wa bindiga harsashin da ba nata ba. Mutane suna ganin muddin harsashi ya shiga kuma bindiga ta rufu, shi ke nan. Ganin kitse ake wa rogo. Tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi, 65 ko 70 ko 76, milimita ne, kuma tsawon kwanson ne bayan ya buɗe da harbi. Saboda haka harsashi mai 70 zai zauna daram a ramin da aka yi wa mai 65, amma idan ya tashi ba shi da wurin buɗewa, ƙarfin albarushi ya taru a inda bai kamata ba. Tsofaffin bindigogin Ingila, irin ƙirar Birmingham da suka rage a hannun iyalai tun zamanin kamfanonin kuza, da yawansu na 65 ne. Ƙirar Rasha irin su Baikal galibi 70 ce, za ka ga an buga 12/70, wato geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututu) da tsawo 70. Gyaran mai sauƙi ne: cire katakon gaba, raba bututun da gindi, ka juya shi ka karanta abin da aka buga a ƙarƙashi. Idan rubutun ya goge, a kai wa wanda ya san aikin ya auna.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyewa. Harsashin geji 20, da yake ya fi siranta, idan ya faɗa cikin bindiga geji 12, zamewa yake yi ya wuce ciki ya maƙale, ramin ya zama kamar babu komai. Maharbi ya ɗauka bai ɗura ba, ya ƙara geji 12 a bayansa, ya ja kunama, bututu ya fashe daidai inda hannunsa na hagu yake. Kada geji biyu su haɗu a aljihu ɗaya, ko na abokinka ne ka riƙe masa. Haka nan duk bututun da ka ga jikinsa da zane a murɗe kamar igiya, na zamanin baƙin albarushi ne, bai dace da harsashin yanzu ba, a rataye shi a bango a bar wa jikoki tarihi. Ƙirar gida da aka yi da bututun ruwa kuwa, ban taɓa tsayawa kusa da mai harba ta ba, ba kuma zan fara ba.

Kafin kowace ɗura, karya bindiga ka leƙa bututun biyu ta wajen haske. Jar ƙasar bakin kududdufi idan ta jiƙe kamar danƙo take, tuntuɓe ɗaya ya isa ta toshe baki. Zanzaro ma yana gina ɗakinsa a cikin bututun da aka jingine ya daɗe.

Kuskure na gaba na kasuwa ne. Maharbi ya sayi abin da ya samu, yawanci mai manyan ƙwayoyi irin BB ko AAA, ya nufi kurciya da shi. Wannan na dabba mai ƙafa huɗu ne. Harsashi mai giram 28 na BB ƙwayoyinsa ba su kai 100 ba, kurciya tana iya ratsa tsakaninsu ta fita lafiya, idan kuma ɗaya ta same ta sai ta yaga ƙirjin da aka fito dominsa. Lamba 7 ko 8 ita ce ta kurciya, ƙwayoyi sun haura 300 a nauyi ɗaya, suna bazuwa kamar an watsa gero. Hasbiya, da yake ta fi girma da kaurin gashi, lamba 6 ta fi mata.

Da yawa kuma ba su san cewa bakunan nan biyu ba tagwaye ba ne. A mafi yawan masu jere gefe da gefe, kunamar gaba ta bakin dama ce, shi ne mai buɗaɗɗen baki da ke watsa ƙwaya da wuri, na kusa ke nan. Kunamar baya ta hagu ce, bakinsa a matse yake, yana riƙe ƙwaya a dunƙule zuwa nesa. Tsuntsuwar da ta tashi daga gabanka tana nisa, dama za ka fara, hagu ya biyo. Wadda ke tahowa kanka daga nesa, hagu za ka fara, ka ajiye dama har ta matso. Wannan zaɓin shi ne daɗin bindiga mai baki biyu, amma sai ka ga mutum ya shekara goma yana jan ta gaba kawai. Wasu kuma suna zura yatsu biyu a kunamu biyu, duka su tashi tare, kafaɗa ta kwana tana zugi. Yatsa ɗaya ne, ya gama da ta gaba ya zame baya. Ka samu ranar da babu farauta ka kafa babban kwali a gindin tudun ƙasa, ka auna taku talatin, ka harba kowane baki a kwalinsa. Abin da za ka gani a kwalayen nan zai koya maka fiye da surutun majalisa.

A wajen harbin kansa, kusan kowa baya yake kuskurewa. Ana saita kurciya kamar tana zaune, a tsayar da bindiga, a ja kunama, ƙwaya ta isa inda tsuntsuwa ta riga ta bari. Kawu yakan ce, "Kada ka harbi inda take, harbi inda za ta." Ka ɗauko bakin bindiga daga bayanta, ka bi layinta, ka wuce wutsiya, ka wuce kai, da ka ga sarari a gaban bakinta sai ka ja, hannu kuma ya ci gaba da tafiya bayan ƙarar. Ido biyu a buɗe, a kan tsuntsuwa, ba a kan ƙarfe ba. Kunci ya manne da katako, domin mai ɗaga kai ya ga faɗuwarta sama yake harbi. Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana sa mutum ya jibga riguna, gindin bindiga ya riƙa sarƙewa a hammata, don haka ka gwada ɗagawa a gida da kayan da za ka fita da su.

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a kan kurciya ban yarda da wannan ba. Wadda aka samu a wutsiya ko a ciki tashi take yi ta je ta mutu a ƙaya, ba ta shiga tukunya ba, ba ta koma sheƙa ba. Abin da ke jawo haka harbin nesa ne. Duk abin da ya wuce mita 30 zuwa 35 a bar shi ya wuce. Da yamma in hazo ya sauko ido yana ruɗuwa, shi ya sa nake aza dutse ko in kafa kara a taku talatin da biyar kafin in zauna. Kuma a cikin garke ka zaɓi guda ɗaya. Mai harbin tsakiyar garke raunata uku yake yi ya tashi hannu wofi.

Ƙwayar da ta kuskure tsuntsuwa fa ba ɓacewa take yi ba. Ko ƙanana irin lamba 7 suna kaiwa kusan mita 200, manya sun fi haka nesa ba kusa ba. Ƙasar Jos dutse ce, dalma kuma tana tsalle a kan dutse, tana tsalle a kan ruwa. Wata yamma a gefen wata gonar acca na ɗaga bindiga kan kurciyar da ke tafe ƙasa-ƙasa, yatsana ya taɓa kunama, sai wani yaro makiyayi ya miƙe daga bayan dutsen da ke daidai layina, da sanda a kafaɗa. Na sauke bindiga, gwiwoyina suka kasa ɗaukata. Tun ranar ba na harbin tsuntsun da ban ga sararin sama a bayansa ba. Idan ku biyu ne ko uku, ku tsaya a jere, kowa ya san iyakarsa ta dama da hagu, kuma bindiga a karye take a hannu har sai an zauna. Makullinta, wato maɓallin da ke hana ta tashi, kunama kawai yake riƙewa, faɗuwa ɗaya a kan dutse tana iya tayar da ita.

Ba kowace kurciya ake harbi ba, ba kuma a ko'ina ba. Dajin Amurum da ke Laminga keɓaɓɓe ne, nan cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos, haka ma gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. Waɗannan ko kusa da iyakarsu kada a je da bindiga. Bardo, ɗan ƙarami mai dogon bindi, ba shi da naman da zai biya kuɗin harsashi. Akwai kurciyar da masana ke kira ta Adamawa, wadda ƙasashe kaɗan ne ke da ita, tsaunukan Filato na cikin gidajenta. Akwai kuma baƙuwa mai zuwa arewacin Najeriya daga Turai da rani, wadda tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Wadda ba ka gane ba, bar ta. Tantabarun mutane kuma suna sauka gona tare da hasbiya, wanda ya harbe su ya ci haƙƙin maƙwabci.

Kurciya ƙwai biyu take yi, uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci, kuma su biyun ne ke ciyar da 'ya'ya da wani farin ruwa daga maƙoshinsu. Ka kashe ɗaya, sau da yawa ka kashe sheƙa guda. In ka ga tana ɗauke da tsinke a baki, sauke hannu. Lokacin da ya fi dacewa bayan girbi ne, sa'ad da suka taru a gonakin acca da dawa sun yi ƙiba. Kada kuma a tsare mashaya ɗaya kullum safe da yamma har a ƙarar da su.

Ka ambaci sunan Allah yayin harbi, wuƙa mai kaifi tana aljihu, wadda ka tarar da sauran rai ka yanka nan take. Idan ta faɗi kada ka ɗauke ido daga wurin, kada ka juya neman ta biyu, domin launinta da busasshiyar ciyawa ɗaya ne. A sa su a kwando ko jakar yadi mai shan iska, leda tana dafa nama tun a daji. Wajen fiɗa a bi ramukan ƙwaya a ciro dalma, a yanke naman da ya ɓaci a gefensu, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci.

Da ka dawo gida, kafin ka ci abinci, zura tsumma a bututu har ya fito fes, sannan ka bi da mai kaɗan. Masu tsiyaya mai da yawa su jingine ta a tsaye, man yana gangarowa cikin katako ya rubar da wuyanta, iskar hunturu ta zo ta tsaga shi. Ajiye ta baki ƙasa na kwana ɗaya ko biyu. Idan ka cire katakon gaba ka girgiza ta ka ji bututu yana motsi a mahaɗa, ta saki, kada ta sake fita sai an gyara. Bindiga a kulle a wuri ɗaya, harsashi a kulle a wani wurin, mabuɗai a jikinka. Kwansunan da ka tsinto daga gona kuma ka ƙirga su da abin da ka fita da shi, lissafi ya cika kafin ka kwanta.