Yadda Malamin Ƙididdiga Zai Halarci Taro ta Intanet

Da farko ka yi rajista, ka adana saƙon imel mai ɗauke da adireshin shiga. Duba lokacin da kyau. In da agogon GMT aka rubuta shi, lissafa tazararsa da naka, don a nan ake yawan makara.

Ana gobe taro, gwada kyamara da makirufo. In za a yi aiki da manhajar R, wadda ake nazarin alƙaluma da ita, sauke ta tun a lokacin, ka buɗe alƙaluman da aka turo. Wanda ya bari sai an fara, darasin zai wuce shi.

Da ka shiga, kashe makirufonka. Rubuta tambaya a akwatin hira, musamman kan abin da ke ɗaure wa ɗalibanka kai, kamar zaɓen samfuri (ɗibar kaɗan daga cikin abin da ake nazari don su wakilci saura) ko fassara jadawali.

In an tashi, nemi bidiyon zaman da takardar shaidar halarta.