Yadda Mai Ciki Za Ta Rage Wahalar Laulayi da Ƙwannafi

Laulayi yakan soma wajen mako na 6, idan an ƙirga daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara, ya tsananta wajen mako na 9, sannan ga yawancin mata ya lafa kafin ciki ya cika wata huɗu. Sinadaran da mahaifa ke zubawa cikin jini ne ke tayar da zuciya, ba raki ba ne, ba kuma son jiki ba. Ƙwannafi shi kuwa ya fi matsawa a watanni uku na ƙarshe: sinadarin juna biyu yana sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, ga jariri yana tokaro tumbin daga ƙasa, sai ruwan tsami ya hauro ƙirji yana ƙuna. Dukansu biyun, 'yar'uwa, dabararsu guda ce: kada cikinki ya zauna wayam, kada kuma ya cika dam.

Ki fara tun daga shimfiɗa. Kafin ki kwanta da dare, ki ajiye wani abu busasshe kusa da kanki, biskit marar maiƙo, ko gasasshen burodi, ko dabino biyu zuwa uku. Idan an kira asuba kada ki zabura. Ki ɗan ci, ki zauna kamar minti 15, sannan ki miƙe zuwa alwala. Yunwar dare tana ƙara tayar da aman safe. Idan buroshi na sa ki kakari, ki bari sai zuciya ta kwanta, ko ki yi amfani da asuwaki a hankali.

Daga nan sai ki rarraba abincin yini. Maimakon malmalar tuwo sau uku, ki ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, kowane awa biyu zuwa uku. Koko marar yaji, dafaffen dankali, shinkafa da ɗan wake, dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa 'yar kaɗan. Abin da ya sha mai, irin su ƙosai, masa da soyayyen nama, yana daɗewa a tumbi, shi ya sa yake tayar da zuciya kuma yake kawo ƙwannafi. Abinci mai ɗan sanyi ya fi mai tururi sauƙin shiga, domin ƙamshinsa bai kai ba. Idan fura ce take zauna miki, ki sha, amma ki tabbata nonon daga madarar da aka tafasa aka yi shi, kuma a dama da ruwa mai tsabta. Kada ki damu idan a makonnin nan abu biyu ko uku kawai kike iya ci. Jariri a lokacin ɗan mitsitsi ne, abin da jikinki ya tara yana isarsa, muddin kina riƙe ruwa da ɗan abinci.

Maganar ruwa kuwa, a Sakkwato ba a wasa da ita. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, mai amai tana rasa ruwa ta baki, tana rasawa ta gumi. Kada ki kwankwaɗi kofi guda a tashi ɗaya, zai dawo. Kurɓi kaɗan, ki huta, ki sake, haka har yamma. Ki sha tsakanin abinci, ba a kan abinci ba. Ruwan randa mai sanyi, kankana, ko ƙanƙara mai tsabta da za ki tsotsa duk suna taimakawa. Ranar da amai ya yi yawa, ki haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa. Fitsarinki ne zai gaya miki gaskiya: idan ya yi ja sosai kuma ya ragu, ruwan jikinki ya yi ƙasa.

Citta tana rage tashin zuciya, kuma likitoci sun yarda da ita. Ki yanka ɗanya kamar kan yatsa, ki jiƙa a ruwan zafi, ki sa ɗan zuma. Sai dai ga mai ƙwannafi, citta mai yawa tana iya ƙara ƙunar, don haka ki lura da jikinki. Shinshina ɓawon lemun tsami ma yakan kwantar da zuciya idan wani wari ya buso.

A nan dole in yi magana da maigida da uwar miji. Warin daddawa, suyar albasa, hayaƙin itace, turaren wuta, har turaren da maigida ya saba fesawa, kowanne na iya tura mai laulayi bakin rariya. Idan akwai wadda za ta karɓe ta girki na 'yan makonni, a karɓe ta. Mai cikin fari musamman, kunya ba za ta bari ta faɗa ba, sai dai a gan ta tana rama. Wanda ya lura ne zai tausaya.

To, ƙwannafi. Abincin dare shi ne babban mai laifi. A gidaje da yawa sai bayan isha'i ake sauke tuwo, a ci, a kwanta. Ki matso da naki zuwa bayan magariba ko ma kafin ta, yadda za a samu awa uku tsakanin cin abinci da barci. Bayan kin ci, ki zauna a miƙe ko ki ɗan zaga tsakar gida. Sunkuyo wajen shara ko wanke-wanke yana hauro da ruwan tsamin. Ki rage yaji, attarugu, tumatir mai yawa, shayi mai kauri, goro da lemun kwalba. Ki sassauta ɗaurin zane, kada ya matse saman ciki. Wajen kwanciya, gefen hagu ya fi, kuma a ɗaga kan gado da bulo kamar santimita 15, ko a cusa wani abu ƙarƙashin katifa, yadda ƙirji zai fi ciki tudu. Tara matasai ƙarƙashin wuya kaɗai ba ya yi, lanƙwasa ki kawai zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne kanwa. Na san da ita iyayenmu suka saba kashe ƙwannafi, kuma tabbas tana kashe shi na ɗan lokaci. Amma kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, ya hau da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, ciwon da mu ma a Sakkwato muka san shi. Ki bar jiƙa kanwa, ki bar bakin soda. Haka cin farar ƙasa: idan kwaɗayinta ya kama ki, ki faɗa wajen awo a duba jininki, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Akwai magungunan ƙwannafi da na amai da mai ciki za ta iya sha, amma malaman asibiti ne za su zaɓa miki, ba mai kemis ko maƙwabciya ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara ƙunar ciki kuma suna iya cutar da jariri, ki guje su. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo takan tayar wa wasu zuciya. Kada ki watsar da ita a ɓoye. Ki gwada shanta da ɗan abinci ko da dare, ki bar tazarar awa biyu tsakaninta da maganin ƙwannafi ko shayi, kuma ki ci gaba da shan folic acid. Idan azumi ya riske ki kina amai, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame. Ki tambayi malami yadda za ki rama.

Wani lokaci kuma abin ya wuce laulayi. Idan kin yini kin kwana ko ruwa ba ya zama, jiri na ɗibarki, fitsari ya ɗauke, kina rama, ko kin ga jini a amai, ƙarin ruwa kike buƙata, a tafi asibiti ranar. Amai da zazzaɓi, a gwada maleriya. Bayan mako na 20, zafi a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ba ƙwannafi ba ne sai an auna jini an tabbatar: yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga. Ko tsakar dare ne a fita, asibitin unguwa mafi kusa, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Ƙwararru, ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Maigida ya ba da izinin fita tun yanzu, ya ajiye kuɗin mota da lambar mai Keke Napep a gida, don kada a tsaya jiransa ya dawo daga kasuwa.