Yadda ake ba tsofaffi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an cutar da su ba

A gidan kula da tsofaffi, kafin a miƙa wa Baba ko Iya kafso ko ɗaya, a auna zafin jiki a rubuta. In ya kai digiri 37.8, a fara da gwajin maleriya, don tana da yawa a Zariya, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Ampiclox ba ya taɓa ta. Murar hunturu kuwa yawanci hutu da ruwan ɗumi sun ishe ta, sai in numfashi ya wuce 25 a minti, a nan a nemi likita.

A fitsari aka fi yin kuskure. Mai jinya ya ga ya yi duhu yana wari, sai ya aika kemis a sayo Cipro. Alhali a zafin Maris da Afirilu, rashin shan ruwa kaɗai kan jawo haka. Tsofaffi da dama, musamman mata da masu robar fitsari, suna da ƙwayoyin cuta a mafitsara ba tare da suna ciwo ba, kuma wannan ba ya buƙatar magani. Abin dubawa shi ne zafi wajen fitsari, ciwon mara ko kwiɓi, da zazzaɓi. In akwai su, a tari fitsarin tsakiya, wato bayan na farko ya zuba, a kwalbar asibiti tun kafin a sha ƙwaya ta farko, a kai ɗakin gwaji kamar na asibitin koyarwa da ke Shika. Sakamako kan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

In likita ya rubuta magani, a nuna masa duk abin da tsohon yake sha. Septrin da lisinopril na hawan jini in sun haɗu suna ɗaga sinadarin fotashiyam a jini. Cipro kuma nono da maganin ƙarin jini suna hana shi shiga jiki, don haka a sha shi awa 2 kafin su, kada a haɗa shi da furar rana.

Kowane tsoho a buɗe masa kati: sunan magani, dalili, ranar farawa, ranar tsayawa. Rana ta uku a koma wa likita da sakamakon, ya canza ko ya dakatar. Gudawa sau 3 a yini ba abin jira ba ce, a sanar da shi nan take. Ragowar ƙwaya kuma kada a ajiye wa na gadon kusa, a mayar wa mai harhaɗa magani.