Yadda ake neman izinin tare layi don taron unguwa a Kano

Gidajenmu na cikin birni ba su da filin da zai ɗauki taron suna ko walimar saukar Alƙur'ani, shi ya sa ake fito da rumfa da kujeru kan layi. Amma hanya ta kowa ce. Wanda ya wayi gari ya tarar an gindaya benci a ƙofar gidansa ba a gaya masa ba, idan ya yi fushi da gaskiyarsa.

Fara da maƙwabta, tun saura mako 2. Ka taka da ƙafarka gida-gida, kada ka aiki yaro. Ka faɗi rana, da lokacin farawa da na tashi. A nan za ka ji abin da ba ka sani ba: gidan da ake jinya, mai shagon da motar kayansa ke zuwa ran Asabar, maƙwabcin da shi ma ya sa ɗaurin aure a ranar. Ni a wurina wannan zagayen ya fi kowace takarda.

Sai ka ɗauki dattijo ɗaya ku je wurin mai unguwa. Bayan gaisuwa ka ce, “Ranka ya daɗe, muna neman izinin tare layinmu daga Azahar zuwa Magariba, maƙwabta sun amince.” Idan abin ya wuce hurumin sa, zai haɗa ka da dagaci.

Daga nan ka rubuta wa DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinku, takarda: sunan layi, dalilin taro, rana, lokaci da lambar wayarka. Ka yi kwafi 2, a buga hatimi a ɗaya ka riƙe a aljihu. Idan layin yana ɓullewa titin da 'yan adaidaita sahu ke bi, ka sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano. Babban titi kam kada ma ka nema, ka kama ɗakin taro.

Ranar taron, a kafa rumfa a gefe guda, a bar faɗin da mota za ta wuce. A sa samari bibbiyu a kowane bakin layi, masu ɗage benci da zarar an ce ga mai naƙuda ko mara lafiya, ko mai kurar ruwa zai shiga. A kashe lasifika in an kira salla. Lokacin da ka yi alkawari na cika a kwashe kujeru, a share layin, a tsince ledojin ruwa kafin su toshe kwata.