Yadda za ka tsara kuɗin tafiya da jakar goyo daga Kano zuwa Ghana ta ƙasa

1. Fara da rubuta zango-zango a takarda: Kano zuwa Legas, iyakar Seme, Kwatano a Benin, Lome a Togo, iyakar Aflao ta Ghana, sannan Akara. Je tashar manyan motoci ta Sabon Gari ka tambayi kuɗin mota da bakinka, don farashi yana bin kuɗin mai.

2. Ware kuɗin fasfo da katin rigakafin shawara tun kana gida. Wanda ya isa iyaka babu katin nan, abin da zai kashe ya fi kuɗin allurar, ga ɓata lokaci.

3. Canji shi ne inda aka fi yin asara. Benin da Togo sefa suke ci, Ghana kuma sidi. Sayi sefarka a kasuwar canji ta Wapa a Kano, ka ƙirga a gaban mai canji, ka nemi ƙananan takardu. 'Yan canjin bakin iyaka sun san kana sauri, shi ya sa suke tsuga farashi. Sidi kaɗan za ka saya a iyaka, ya isa ka shiga gari.

4. Lissafa ci, masauki da motar cikin gari na kwana ɗaya, ka ninka da yawan kwanakin, ka ƙara kwana 2. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dabino suna rage kashe kuɗi ƙwarai.

5. Ɗora kashi 20 cikin 100 a kan jimillar saboda lalacewar mota ko rashin lafiya. Kuɗin dawowa kuwa, ɗaure shi daban a jikinka, ba cikin jaka ba, kada ka taɓa shi ko da ciniki ya yi daɗi.