Yadda ake gyara tsohon kwabo mai huji ya zama maratayin makulli

Masu ta tambayar yadda ake wannan aiki, ga matakan nan. Kwabon da za ka nema shi ne na kafin zuwan naira a 1973, wanda ya zo da hujinsa a tsakiya. A duba adakar kaka tukuna, in babu a leƙa wajen masu sayar da tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi ta Kano.

1. Zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu a kwanon roba.
2. Jiƙa kwabon ya kwana.
3. Goge shi da tsohon buroshin haƙori.

Hattara: kada a sa yashi ko soson ƙarfe. Nan ne mutane ke kankare rubutun da shekarar, alhali su ne ƙawar kwabon.

4. In da sauran baƙi, matse lemun tsami a kai.
5. Bar shi minti 5 kacal, don tsami na cin jan ƙarfe.
6. Ɗauraye da ruwa sosai.
7. Tsane shi da ƙyalle, har cikin hujin.
8. Sayo siririyar igiyar fata wajen dukawa. Jar fata ta fi fito da shi.
9. Ninka fatar biyu.
10. Zura bakin ninkin ta huji.
11. Sako jelar ta cikin ninkin, ka ja.
12. Ɗaure jelar a zoben makulli.

Hattara: kada wani ya huda sulallan naira 1 da naira 2 na 2007. Dokar Babban Bankin Najeriya ta hana lalata kuɗin da yake bugawa, hukuncinsa tarar akalla naira 50,000 ko ɗaurin akalla wata 6.