Komawa Kaduna daga Abuja: kurakuran da masu dawowa gida suka fi yi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin zaman Abuja ya ƙi fita ga mutane da yawa. Mai gida ya ƙara haya, kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa zuwa cikin gari ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin makarantar yara kuma ba ya jiran kowa. Ɗan Kaduna da ke cikin wannan hali, in ya je gida hutun Sallah ya ga gadar sama ta Kawo da sababbin tituna da Kasuwar Barci da aka sake ginawa, sai zuciya ta fara raya masa: me na zauna yi a garin mutane? Ga wasu, komawar alheri ce. Wasu kuma kafin shekara ta zagayo sun fara neman ɗaki a Suleja, jari ya ƙare, ga kunyar 'yan uwa. In ka bi diddigi, kusan abu ɗaya suka taka.

Ɗaukar gyaran gari a matsayin dawowar aiki

Wannan ne uban kurakuran. Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, ko dai ya ga zamanin masaƙu da idonsa ko ya ji a bakin iyaye: Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, sai Arewa Textiles da Nortex da UNTL, ga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, ga matatar mai a 1980. A lokacin in aka tashi daga aiki dubban mutane ne ke fitowa, kuma masu abinci da teloli da masu gidajen haya duk a jikinsu suke ci. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, tsofaffin ma'aikata suka yi shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu.

Abin da ake kira farfaɗowa yanzu wani abu ne dabam. Gaskiya ne kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Chikun a 2017, an buɗe tashar tsandauri a Kakuri a 2018, gwamnatin El-Rufa'i ta ƙaddamar da aikin sabunta birni a 2019, sannan Dangote da Peugeot suka fara harhaɗa motoci a sabon wuri kan hanyar Abuja a 2022. Sai dai masana'antar zamani inji ne ke yin yawancin aikinta, ba ta kwasar mutane yadda masaƙa ke kwasa. 'Yan guraben da ke akwai kuwa, waɗanda suka gama Kadpoly da KASU da ABU sun daɗe a layi kafin ka fara tunanin dawowa. Matatar mai ta yi shekaru ba ta tace komai ba.

Saboda haka kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka dawo da hanyar samunka a hannu, ba wai ka zo ka nema ba. In ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, nemi canjin wurin aiki, ka jira takardar ta fito. Kaduna cike take da ofisoshin tarayya tun tana hedikwatar Jihar Arewa. In aikinka na kwamfuta ne da ake yi daga ko'ina, ka sa a rubuta maka izinin a takarda, domin alkawarin baki na oga yana tafiya ranar da aka canza shi. Wanda zai nemi aiki a kamfani mai zaman kansa ko makarantar kuɗi ya sani albashin nan ba na Abuja ba ne. Kuma ko yaya aka yi, a zo da abin da zai riƙe gida wata shida ko da ba a samu ko sisi ba.

Lissafin da ya tsaya a kan haya

Haya ta fi sauƙi a Kaduna, babu musu, ko da yake Malali da Unguwar Rimi da Barnawa ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Amma mutane kan cire hayar Kaduna daga ta Abuja su ce ga ribarsu, su manta da sauran. Dillali zai karɓi la'adarsa a nan ma. Siminti da man fetur da magani da gas ɗin girki ba su san ka dawo gida ba. Abin da ke sauka da gaske shi ne hatsi da kayan miya da kuɗin zirga-zirgar yau da kullum.

Kafin ka biya ko kwabo, tambayi maƙwabta, ba dillali ba, abu biyu: wuta da ruwa. Gidan yana da mita mai kati, ko kuwa akwai tsohon bashin wuta da za ka gada? A wane rukuni layin yake? Tun watan Afrilun 2024 da aka ninka wa 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, kuɗin wuta fiye da sau uku, zama a kan layi mai kyau ya zama abin da sai an yi masa kasafi. Mai aiki ta intanet kuma ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako a cikin duhu. Sola da batir a wurinsa kayan aiki ne, a saka kuɗinsu cikin kuɗin ƙaura tun farko. Ruwa kuwa, in babu rijiyar burtsatse a gidan, ka lissafa kuɗin 'yan garuwa na watan Maris da Afrilu, ba na damina ba.

Akwai kuma masu cewa za su ajiye iyali a Kaduna su riƙa zuwa Abuja a jirgin ƙasa. Ana yi, tun da aka buɗe layin Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja a 2016 mutane ke yi. Amma tafiya sau ɗaya a mako ita ce mai yiwuwa. Ta kullum wahala ce da asara. Tikiti yana wuyar samu ranakun Juma'a da Litinin, Rigasa da nisa daga yawancin unguwanni, kuma bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgin bai sake tashi ba sai a watan Disamba. Wanda duk tsarinsa ya rataya a kan jirgin nan ya tanadi wurin kwana a Abuja, ya kuma lissafa tukunya biyu.

Gidan gado

A nan ne zumunci ya fi lalacewa, kuma ba a cika faɗa ba. Mutum ya dawo da 'yan kuɗinsa, ya ga gidan mahaifi a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya tsufa, sai ya ce maimakon ya biya haya bari ya gyara sashe ɗaya ya zauna. Ya sa tayil, ya canza kwano, ya haƙa burtsatse. Ba a raba gado ba. Bayan shekara biyu wani ƙane ya matsu, ya ce, "Yaya, a sayar a ba kowa nasa." Alƙali zai raba gida ne yadda ya same shi, kuma in babu shaida, sai ka sha wuya kafin a ware maka abin da ka kashe. Maganinsa a zauna da duk magada, har da mata da ke gidajen aurensu, a gaban wani babba kamar kawu ko limamin unguwa, a rubuta ko abin da za ka kashe kyauta ne, ko bashi ne a kan gidan, ko kuwa a raba gadon tukuna. Za a ce ka cika boko. A bari a ce.

Sannan a tambayi matar gida da gaske, ba sanarwa ba. Matar da ta yi shekaru da ƙofarta ita kaɗai, ka kawo ta tsakar gida ɗaya da suruka da faccaloli, ka ce "na ɗan lokaci ne", kowa ya san ɗan lokacin nan ba ya ƙarewa. In tana da aiki ko sana'a a Abuja, nata lissafin ma a yi shi. A ganina hayar shekara ɗaya kusa da Hajiya, inda za a riƙa zuwa gaisuwa da ƙafa, ta fi zaman kyauta a cikin gida araha.

Sayen fili daga nesa

Hoto a WhatsApp, wani abokin ƙuruciya yana cewa, "Alhaji, ka yi sauri, akwai mai so." Cinikin biri a sama ke nan. Takardar mai unguwa ko ta dagaci ba ta isa ba. A kai lambar filin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar, a bincika ko na wane ne, ko yana cikin filin makaranta ko na asibiti ko inda titi zai bi. Wanda ya ga rusau da aka yi a garin nan daga 2015 ba ya buƙatar dogon bayani. Izinin gini kuma a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ake nema, kafin a sa tubali. A je a ga filin a watan Agusta ko Satumba, musamman duk abin da ke kusa da kogi, domin mutanen Kigo Road da wasu sassan Nasarawa sun san abin da ambaliya ke yi.

Filin bayan gari da ka ji arha ƙwarai, akwai dalili. Ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a watan Maris 2021 ba a wani ƙungurmin daji suke ba, nan bayan Mando ne. An samu sauƙi daga baya, amma amsar ba a jarida take ba: tambayi mazauna wurin ko suna kwana a gidajensu, ko akwai 'yan sintiri, nawa ake biya a wata.

Wanda ya bar garin kafin rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 zai tarar zama ya sake fasali: galibin Musulmi a arewacin kogi, galibin Kirista a kudu, sai 'yan unguwannin da har yanzu ake cakuɗe. Abin baƙin ciki ne, amma da shi ake zaɓen gida yanzu, kuma yana shafar nisan makarantar yara da wurin aiki.

Sana'ar Abuja a kasuwar Kaduna

Shagon ƙawa, farashin Wuse 2, sai a zauna ana kallon titi. Kuɗin garin nan ba a nan suke kwana ba. Suna cikin masara da waken suya da ke fitowa daga su Saminaka zuwa masu haɗa abincin kaji, cikin cittar Kachia da Jaba, cikin ƙere-ƙeren Panteka, gyaran inji, haɗa sola, jigilar kaya. Kowanne da haɗarinsa. Cutar da ta afka wa citta a 2023 ta durƙusar da manoma da 'yan kasuwa da yawa. Ka zauna a shagon wanda ya daɗe a harkar, ko da damina ɗaya ce, kafin ka zuba jari.

Sai bashi. A Abuja ba wanda ya san ka, kowa biya yake. A gida ɗan gwaggo zai ɗauki kaya ya ce "sai an yi albashi", ba kuma za ka iya kai shi ƙara ba. Haka biki da suna da asibiti, tunda an ce Alhaji ya dawo daga Abuja, kai ne na farko da za a kira. Ka ware abin taimako na wata, ka san iyakarsa, ya fita daga aljihunka ba daga shago ba. In ya ƙare, "Wallahi Kawu, na wannan watan ya ƙare, sai mai kamawa in Allah ya kai mu" magana ce da ba ta zubar da mutuncin kowa.

Ƙananan abubuwa da ke zama manya: kada a ɗauke yara a tsakiyar zango, a bari sai hutun ƙarshen shekara su fara a Satumba, wanda aka riga aka yi wa rajistar WAEC ko NECO kuma a bar shi ya gama inda yake. Harajin albashi jihar da mutum ke zaune ake biya wa, don haka a sanar da ofis a mayar da shi KADIRS, hukumar tara haraji ta jihar Kaduna. Mai inshorar lafiya ya canza asibiti tun kafin ciwo ya zo, mai hawan jini ko ciwon suga ya karɓo bayanan jinyarsa a rubuce. Hayar Abuja kuma kada a sake ta ranar da motar kaya ta tashi. In da sauran wata biyu ko uku a kuɗinka, ka riƙe makullin har ka ga kamun ludayin zaman.